Ɗanmaliki da Wata Mai Kunne

A layin 'yan gyada na kasuwar Karaye akwai wani dillali mutumin Kurugu, ana ce masa Ɗanmaliki. Ba a taɓa sayen abu a gabansa ya ce an yi sayen kirki ba. In ka sayi akuya, zai ce da ka tuntuɓe shi da kuɗin nan ya samo maka maraƙi. In ka sayi babur, sai ya ƙwanƙwasa tankin da yatsa, ya girgiza kai, ya ce Allah ya mayar maka da alheri. Ma'auninsa ɗaya ne a duniya, wato girma. Abin da ya fi cika ido shi ya fi daraja, buhu ne ko mutum.

Ana saura sati uku azumi ya raka matarsa Tasalla Rogo gaida mahaifiyarta. Da aka idar da sallar magariba, ya tarar da ƙaninta Ja'afar, malamin kimiyya a makarantar sakandare, ya kafa wani ɗan farin bututu a kan ƙafafu uku a ƙofar gida, ya saita bakinsa sama.

"Kai Ja'afar, ɗaukar hoto ka koma? Albashin ne ya gaza?"

"Madubin hangen nesa ne, Yaya. Zo ka sa ido ka gani."

Ɗanmaliki ya tattare babbar riga ya sunkuya ya leƙa. Nan abin da ba a taɓa gani ba ya faru: ya yi shiru. Ga wata nan rabi a gabansa, fari tas, da ramuka da duwatsu, kamar ya miƙa yatsa ya sosa. Ya daɗe a sunkuye har bayansa ya ƙage. Da ya tuna ana kallonsa sai ya miƙe ya gyara hula.

"Ashe shi ma watan zanzana ta taɓa kama shi. To, ba laifi. Nawa aka ba ka?"

"Dubu ɗari tara. Na hannu ne ma, sabonsa ya haura miliyan. Shekara uku ina tari, ƙarshe sai da na haɗa da babur ɗina."

"Naira ko sefa?"

"Naira, Yaya."

Ɗanmaliki ya yi salati har sau biyu. Ya buɗe hannu ya auna bututun daga baki zuwa gindi. "Taƙi biyu! Kowane taƙi dubu ɗari huɗu da hamsin ke nan. Ja'afar, ko fili ne a birni ba a sayar da shi haka."

"Ai ba tsawo ake saya ba, gilashin ake saya. Irin wannan afo ake ce masa."

"Afuwan, me?"

"Afo. Gilashi uku ne a bakinsa, an goge su an jera yadda haske ba zai warwatse ba. Masu araha in ka duba wata da su, sai ka ga gefensa ya yi shuɗi da ja kamar an tsoma shi a marina. Wannan kuwa yadda abu yake haka zai nuna maka, ba kalar ƙarya ko ɗis."

"Tsaya, tsaya. Wato mai araha yana da kala, naka mai tsada babu?"

"Ba haka nake nufi ba..."

Ɗanmaliki ya leƙa zaure ya ɗaga murya. "Tasalla! Fito ki ga ƙaninki! Ya sayar da babur ya sayo baƙi-da-fari, alhali duniya ta daɗe da komawa mai kala!"

Ja'afar ya yi murmushi ya ce, "Yaya, kai ne fa dillalin gyada. Ka fi kowa sanin mai ƙaton ɓawo, a fasa a ga ƙwaya ɗaya."

"Ni ba a taɓa sayar min da irinta ba," in ji Ɗanmaliki.

A Kurugu kuwa, shekara talatin da 'yan kai, wani tsohon manomi Baba Abdulmumini ne ke fara ganin jinjirin wata. Shi zai nuna wa liman, liman ya shaida wa dagaci, dagaci ya kai gaba. Wata shekara har an ambaci sunansa a rediyo. Wannan suna a rediyo shi ne ƙayar da ta daɗe a ƙafar Ɗanmaliki. Da watan azumi ya tsaya, Baba Abdulmumini ya sake riga kowa gani, sai Ɗanmaliki ya buga ƙasa a majalisar ƙofar masallaci ya ce, "Na azumi na bar wa Baba, albarkacin furfura. Amma na Sallah, ku rubuta ku ajiye, ni zan kamo shi tun yana cikin zanen goyo."

Ran biyar ga azumi ya shiga motar Kano. Ya yi ta yawo a shagunan kayan lantarki har ya dace da wani mai shago, Kabir, wanda ya jawo masa wani kwali daga bayan firji, ya kaɗe masa ƙura. Tsawon kwalin ya kusa na ƙyauren ɗaki.

"Alhaji, wannan yana kusanto da abu sau ɗari shida da saba'in da biyar. Ga shi a rubuce."

"Na ƙanin matata fa, ya ce nasa ɗari da wani abu ne."

"Wannan ai na wasan yara ne."

"Yawwa! Haka na ce masa. Yana da kala?"

Kabir ya dube shi, ya ga da gaske yake, ya ce, "Alhaji, kala har sai ka ce ta isa."

Aka fara daga dubu casa'in. Ɗanmaliki ya fita daga shagon sau uku ana kiransa, aka daidaita a sittin da biyar. Ya auna bututun: taƙi bakwai cif. Ya saɓa kwalin ya fito da sauri kada mai shagon ya farga an kwashe shi. Kabir kuma yana daga ciki yana addu'ar kada Alhaji ya waiwayo.

Daga tashar Karaye ya ɗauki ɗan acaɓa, aka gicciya kwalin a tsakaninsu. Kafin su bar gari kwalin ya share faifan mai yalo, ya cire wa wani bawan Allah hula, ya kuma gaida wani jaki a kunne. Suna dab da Kurugu 'yan sintiri suka tsayar da su, babbansu ya buɗe bakin kwalin, ya ga baƙin bututu da ƙafafun ƙarfe, ya ja da baya.

"Malam, mene ne wannan?"

Da wani ne sai ya ce madubi ne, a wuce wurin. Ɗanmaliki kuwa ya bugi ƙirji. "Wannan? In na kafa shi a kan soron gidana, mutum yana tsakiyar kasuwar Rogo zan kamo shi. Ba ya kuskure."

"Sauko."

"Wata ma zan..."

"Na ce sauko! Zauna a ƙasa!"

Awa biyu ya yi a zaune a rana, ga azumin bazara, kafin dagaci ya aiko a shaida cewa ɗan gari ne, bakinsa ne kawai ya fi shi ƙarfi. Da ya iso gida leɓensa ya bushe, amma ya ce wa Tasalla, "Kin ga banbanci? Na Ja'afar ko kaza ba ta taɓa jin tsoronsa ba. Nawa tun yana cikin kwali hukuma ta san da zuwansa."

Washegari da hantsi ya haɗa shi a ƙofar gida. Takardar bayanin da ke ciki ya ba Tasalla ta hura wuta, ya ce wanda ya haɗa injin gyada ba ya neman takarda. Kusoshi huɗu suka yi saura, ya ce gyara ne aka yi masa. Ƙafafun suna rawa kamar na ɗan maraƙin da aka haifa yanzu. Maƙwabta suka taru, ya sunkuya ya sa ido, ya ɗago a firgice.

"Jama'a, duhu! Baƙi ƙirin! Akwai abin da ke tafe a sararin nan wanda idonku bai kai ba. A gaya wa liman ya shirya sallar husufi."

Tasalla tana leƙe ta zaure, ta ce, "Malam, wannan baƙin murfin na bakinsa, da shi ake gani?"

Aka cire murfi. Ya ce da ma gwada su yake yi.

Ya juya bututun wajen gonaki, ya murɗa, ya murɗa, sai ya ƙwalla ihu. "Innalillahi! Muntaka! Ku kai ɗauki, Muntaka ya rataye a mangwaro, ƙafa sama kai ƙasa!"

Maza suka zuba a guje, wani da tsani, wani da adda. Suka tarar da maƙwabcinsa Muntaka a tsaye da ƙafafunsa biyu a gindin mangwaro yana sassabe. Muntaka ya biyo su da fartanya a kafaɗa, ya leƙa madubin da kansa, ya ga bishiyarsa saiwa a sama ganye a ƙasa, gefenta ja da shuɗi.

"Ɗanmaliki, abin naka a kife yake nuna duniya."

"Ai dole. A ƙasar Sin aka yi shi, su kuma a ƙarƙashinmu suke. Juya shi za a yi."

Aka kwance bututun aka mirgina shi aka ɗaure. Mangwaro yana nan a kife. Ɗanmaliki ya ce to shi zai juya. Ya ba madubin baya, ya sunkuya ya zura kai ta tsakanin ƙafafunsa, babbar riga ta rufto masa a ka, ya yi taga-taga ya tafi da ƙafa ɗaya ta madubin, su biyu suka kwanta. Muntaka ya ce, "Yanzu kam kun daidaita."

Da labari ya kai Rogo, Ja'afar ya kira shi a waya. Bayan gaisuwa da tambayar ibada ya ce, "Yaya, kifewar nan ba matsala ba ce, da yawansu haka suke, a sama babu ruwan kowa da kai da ƙafa. Abu ɗaya nake roƙonka don Allah: kada ka kuskura ka duba rana da shi. Ido zai tafi, kuma ba ya dawowa."

"Naka ne ba zai iya ba," in ji Ɗanmaliki, ya kashe waya. Ya dubi Tasalla ya ce, "Hassada ga mai rabo taki."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya kafa shi a fili, ya ce yau zai gaya wa mutane abin da ke cikin rana. Ya yi ta juya bututun har ya dace da ita. Allah ya taimake shi da son jawabi. Kafin ya sa ido sai ya tsaya a gindin madubin, ya ɗaga hannu ya fara bayanin yadda ya kayar da mai shago a ciniki. Yana cikin dubu saba'in da biyar, wani dattijo ya shaƙi iska.

"Wai wa ke babbakar kaza da rana tsaka, a cikin azumi?"

Aka dudduba. Muntaka ya nuna da yatsa. "Ɗanmaliki, gemunka!"

Wani ɗan ɗigon haske ne ya fito ta wurin sa ido ya sauka a gefen gemunsa, hayaƙi na tashi siriri. Ya daka tsalle yana marin kansa da hannu biyu, wani ya kwara masa ruwan buta. Robar da ke riƙe da ɗan gilashin leƙawa ta narke ta karkace. Ya tsaya yana kallonta, ya shafa idonsa na dama, ya tuna maganar Ja'afar. Amma da ya ga jama'a na dariya sai ya ce, "Kun gani? Wuta ma yana kunnawa. A je a tambayi Ja'afar ko nasa ya taɓa dafa ko shayi."

Da yamma Tasalla ta daidaita masa gemun da almakashi, sai da ya koma rabi. Ta ce, "Malam, ka bar wa Baba Abdulmumini watansa mana. Me ya tsare maka?"

"Ke dai ranar ashirin da tara ki jiƙa shinkafa, ki sa a kama kajin nan. Da kin ji kabbara daga tudu, a yanka. Gidan wanda ya ga wata ba ya rasa baƙi."

Bai tsaya nan ba. Ya bi majalisa-majalisa yana cewa bana azumi ashirin da tara ne, shi ya ɗauki nauyi. Ya matsa wa tela ya gama masa ɗinkin Sallah tun ana saura kwana uku. Ya kuma yi ta maimaita yadda yake so a faɗi sunansa a rediyo, da Alhaji a gaba, ko da yake bai taɓa wuce Zariya ba.

Ranar ashirin da tara, tun kafin faɗuwar rana tudun da ke yamma da gari ya cika. Wasu sun zo neman wata, mafi yawa sun zo kallon Ɗanmaliki. Dagaci ya zo aka shimfiɗa masa darduma, liman na gefensa. Baba Abdulmumini ya zauna a kan dutsen da ya saba zama, da sandarsa. Can sai ga Ja'afar ya sauka daga acaɓa da 'yar jaka a kafaɗa, ya durƙusa ya gaida manya, ya kafa ɗan madubinsa cikin minti biyu.

Ɗanmaliki ya ce, "A'a, an zo da autan? Matsar da shi gefe kada babban ya taka shi."

"Yaya, a lissafi yau da wuya a ga wata. Rana na faɗuwa shi ma zai bi ta, ko minti goma ba zai yi ba."

"A lissafin masu taƙi biyu ba."

Baba Abdulmumini ya dubi gefen sama ya ce a hankali, "Yaron nan ya yi gaskiya. Yau ban ji ƙanshinsa ba."

"Baba, da hanci ake nema? Shi ya sa zamani ya wuce ku."

Rana ta faɗi, aka sha ruwa da dabino, aka yi sallah a nan kan tudu. Aka juya yamma, kowa ya kafa ido. Ja'afar ya bi gefen sama a hankali da nasa, ya ɗago ya girgiza kai. Baba Abdulmumini ya duba, ya koma ya dogara sandarsa. Ɗanmaliki kuwa yana ta kokawa: ya ɗaga bakin bututun sama, da ya saki sai ya sunkuyo da kansa saboda kusoshin da babu. Ya ɗaga, ya sunkuyo. Gumi ya jiƙa sabon ɗinki. A karo na biyar ya manne ido bai lura bakin ya sake yin ƙasa ba. Sai ga wani abu fari, siriri, lanƙwasasshe, gefensa na walƙiya da shuɗi da ja.

"Allahu Akbar! Ga shi! Ga shi nan! Na kama shi!"

Wuri ya ruɗe. Matasa suka ɗauki kabbara, wani ya haye babur ya nufi gari yana hon. Kafin dagaci ya ɗaga hannu a yi shiru, guɗa ta fara tashi daga cikin gidaje.

Ɗanmaliki ya buɗe hannuwa. "Ranka ya daɗe, a buga waya! A ce Alhaji Ɗanmaliki Kurugu, da Alhaji a gaba!"

Liman ya miƙe ya ce, "Malam Ɗanmaliki, ba a sauke azumin al'umma da ihu. In aka sha gobe alhali Ramadan ne, wa zai ɗauki alhakin? Matsa in gani."

"Bismillah, Allah gafarta Malam. A dai yi a hankali, ba irin na yara ba ne."

Liman ya cire tabarau ya sunkuya. Ya daɗe. Ya ɗago ya goge ido ya sake komawa.

"Lalle ga abu fari a lanƙwashe."

"Kun ji ko!"

"Sai dai yana motsi."

"Ai tafiya yake, Allah gafarta Malam. Wata ba ya tsayawa."

"Ya yi hagu, ya dawo dama."

"Sabo ne, bai gama sanin hanya ba."

Kafaɗun liman suka fara rawa. Ya ɗago yana danne dariya da gefen rawani. "Malam Ɗanmaliki, na yi shekara sittin ina ganin wata, amma ban taɓa ganin mai kunne ba. Naka yanzu ya kaɗa kunne ya kori ƙuda."

Ja'afar ya bi saitin dogon bututun da ido, ya juya ɗan nasa can, ya murɗa sau ɗaya. "Ranka ya daɗe, a zo a gani."

Dagaci ya leƙa. Can kan gangaren da ke gaba, a gaban wata kuka, ga wani farin bijimi a tsaye, rabin jikinsa a bayan sabara, ƙahonsa ɗaya a sama, yana tuƙa hankali kwance. Har igiyar wuyansa ana gani, har ƙudan da ke gefen idonsa. Dagaci ya ɗago, ya yafito na kusa da shi. Nan da nan aka yi layi.

Cikin masu layin akwai Halliru, wani makiyayi daga rugar da ke bayan tudu. Da ya sa ido sai ya riƙe baki. "Kai! Wannan ai Fari ne, bijimina! Tun la'asar nake nemansa." Ya juyo ya dubi Ɗanmaliki. "Allah ya saka da alheri, Malam. Amma in dai wannan ne wata, to mu a ruga kullum Sallah muke yi."

Dariya ta ɓarke har wasu na zama a ƙasa. Ɗanmaliki ya ce, "Watan yana bayan bijimin! Shi ya tare shi! A kore shi a gani!"

Baba Abdulmumini ya ce, "Ɗana, ko an kore shi, ƙaho da shi zai tafi."

Ɗanmaliki ya juya zai mayar da magana, hannun rigarsa ya sarƙe ƙafar madubin. Ƙafafun suka haɗe, bututun ya sulluɓe ya bi gangara yana mirginawa yana ƙara kamar garwa, bai tsaya ba sai a ƙafar bijimin. Fari ya sunkuya ya shinshina, ya ɗaga kai ya ci gaba da tuƙa.

Da dariya ta lafa, dagaci ya ɗaure fuska. "Ɗanmaliki, bakinka ya kai labari gari, bakinka zai je ya dawo da shi. Ka bi layi-layi ka shaida wa mutane gobe akwai azumi. Da ƙafa."

Haka ya shiga gari da sabon ɗinki da rabin gemu, matasa na biye da shi, yana tsayawa a kowace ƙofa. "Salamu alaikum, gobe akwai azumi!" Daga ciki a ce, "Wa ke magana?" Ya ce, "Ɗanmaliki ne." A ce, "To, wanne za mu ɗauka, na ɗazu ko na yanzu?" A wasu gidajen ya tarar aikin gama ya gama, an yanka kaji an fige. A gidansa ma uku ne a kwance a cikin kwano. Tasalla ta dube shi ta ce, "Sannu da zuwa, Alhaji. Baƙin suna waje ne?"

Can da aka jima rediyo ta tabbatar ba a ga wata ba, za a cika talatin. Da asuba rabin Kurugu da kaza suka yi sahur, kuma duk wanda ya haɗu da Ɗanmaliki a masallaci sai ya yi masa godiya. Da magaribar ranar, wata ya fito sarari, Baba Abdulmumini ya nuna shi da sanda ba tare da ya tashi daga kan dutsensa ba.

Bayan Sallah Ɗanmaliki ya kai bututun kasuwar Rogo, inda yake zaton labari bai kai ba. Ya yi masa kuɗi dubu ɗari, ya ce na tarihi ne. Mutum na farko da ya tsaya ya ce, "Wannan ne mai gano shanu?" Wani mai shayi ya taya ƙafafun dubu biyu, zai rataya fitila. Bututun kuwa babu wanda ya ko ɗaga. Ja'afar ya zo ya taya shi ɗaurewa, ya ce, "Yaya, duk ranar da ka so ganin wata ka zo gida, ƙofa a buɗe take." Ɗanmaliki ya ce zai duba in ya samu lokaci.

Da damina ta kawo kai, indararon soronsa ya ɓalle. Ya dubi bututun da ke jingine a zaure, ya ga ikon Allah: tsawo daidai, faɗi daidai. Ya cire tarkacen gindin, ya hau ya dasa shi da kansa, bakin na kallon titi. Ranar da aka yi ruwan farko, da azahar, ya kira maƙwabta su fake a zaurensa su ga aiki.

"Duk Karaye da Rogo a nuna min mai indararo ɗan ƙasar waje!"

Ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Indararon kowa na zuba, nasa ko ɗigo. Muntaka ya ce, "Ɗanmaliki, ka kuwa cire gilashin bakin?"

"Tace ruwan yake yi. Bari in duba."

Ya fita cikin ruwan, ya tsaya a ƙasan bututun, ya ɗaga kai ya leƙa. Daidai nan gilashin ya gaji. Ya fito da ƙarfin duk ruwan da ya taru a kan soro, ya same shi a tsakiyar goshi, ruwan ya biyo baya ya zaunar da shi a cikin taɓo.

Aka kwaso shi aka shigar zaure, goshi ya yi ƙulu kamar ƙwan zabo. Tasalla ta fito da tsumma da ruwan ɗumi, tana dannawa tana cewa, "Sannu, Malam. Sannu. Me kake gani?"

Ɗanmaliki ya buɗe ido da ƙyar, ya ƙifta, sai murmushi ya bazu a fuskarsa.

"Taurari," ya ce. "Ja da shuɗi da kore, da rana tsaka. A kira min Ja'afar a waya, a tambaye shi ko nasa ya taɓa nuna masa haka."